Yadda Ake Tanadin Ingirici

Da damina mai kiwo ba ya tunanin abincin dabba, ciyawa ko'ina. Amma daga Fabrairu zuwa Mayu, daji ya bushe, wani wurin ma gobara ta cinye, sai ka ga saniya ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Nono ya ƙafe, harawa ta yi tsada a kasuwa. Maganin wannan wahala tun da kaka ake neman sa: a yanki ciyawa tana ɗanya, a shanya, a adana. Wannan shi ne ingirici.

Inda mutane da yawa ke yin asara shi ne wurin jira. Sai ciyawa ta tsufa, ta zubar da 'ya'ya, ta bushe a tsaye ta yi fari fat, sannan a ɗauko lauje. Irin wannan cika ciki kawai take yi. Amfanin ciyawa yana cikin ganyenta tun yana kore. Da zarar ta fitar da kai, ƙarfinta sai ya tafi wajen yin 'ya'ya, karanta kuma ya yi tauri. Don haka a yanke ta daidai lokacin da ta fara fure. A yawancin ƙasar Hausa wannan yakan faɗo ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ruwa ke ɗaukewa. Kyasuwa da harƙiya suna yin ingirici mai kyau. Gamba ma haka, amma ita ba a yi mata jinkiri, don in ta tsufa sai dai saƙar zana.

A fita yanka da hantsi, bayan raɓa ta bushe. Kada a share har ƙasa. A bar gindi kamar faɗin tafin hannu, don kada yashi ya shiga ciki. A baza ta a wuri mai tsabta, ba da kauri ba, ana juyawa sau ɗaya ko biyu a yini. Da yamma a tattara ta tsibi saboda raɓa, da safe a sake bazawa. In rana ta buɗe sosai, kwana 2 ko 3 sun isa.

Harawar wake da ta gyaɗa da ta lablab sun fi ciyawa gina jiki, amma suna son lallami. Ganyensu saurin kakkaɓewa gare shi, kuma ganyen shi ne dukiyar. Wanda ya bari ta bushe ƙayau sannan ya ɗaure ta da tsakar rana, kara zai kai gida, ganye ya rage a gona. A ɗaure ta da sanyin safiya, tana da ɗan laushi.

Ta yaya za ka san ta bushe? Ɗebo cikin hannu ka murɗa. In ka ji danshi, ko ka kankare karan da farce fatar ta saluɓe, da saura. In ta karye ta zama gari, rana ta yi mata yawa. Ingirici mai kyau yana da sauran kore, yana ƙamshi, in ka taɓa yana ƙaras-ƙaras.

A ɗaure dami-dami, a jera bisa itace ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa saboda gara da danshi. Rumfa mai iska ta fi. Mai ajiyewa a kan soro ko bisa bishiya ya rufe da zana, domin rana tana cinye amfaninsa a hankali. Bayan 'yan kwanaki ka cusa hannu tsakiyar tarin. In ka ji zafi, kwance shi ka sake shanyawa nan take, in ba haka ba zai yi fumfuna, wani lokaci har ya kama wuta. Wanda ya yi fumfuna kada a ba dabba, yana sa ciwo.

In rani ya yi, a zuba a komi, ba a ƙasa ba, a haɗa da dusa da ɗan kanwa da isasshen ruwa. In tanadin bai da yawa, a fara da masu ciki da masu shayarwa, sai shanun huɗa, don ruwan farko ya same su da ƙarfin jan garma.