Gyaran Tsagar Benci da Kujerun Waje

Kowace shekara idan hunturu ya kama, akan ga bencin ƙofar gida da kujerun tsakar gida sun fara tsagewa, mai su kuwa ya yi ta zargin kafinta. Sau da yawa kafinta ba shi da laifi. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, ya kuma tsuke da rani. Da yake bakinsa, wato inda zarto ya yanka, ya fi jikinsa saurin bushewa, daga nan tsaga take somawa ta bi tsawonsa. Abin ya fi tsanani ga katakon da aka yanko daga kurmin Kudu aka kai Arewa tun bai gama bushewa ba.

Siririyar tsaga ba ta karya benci. Ɓarnar tana zuwa ne in ruwan sama ya kwanta a cikinta, katakon ya ruɓe daga ciki, gara ta sami hanya. Loko da maɗaci suna da juriya, amma farin katako mai araha ba ya daɗewa a wannan hali. Saboda haka sai a yi gyara kafin ruwan fari: wajen Fabrairu a Kudu, Afrilu a Arewa.

Da farko a kakkaɓe ƙura da tsohon fenti daga cikin tsagar da tsinin wuƙa. In faɗinta bai wuce milimita 3 ba, a kwaɓa garin katako mai laushi da gam, a dura har ya cika ya ɗan yi tozo, don yakan lotsa in ya bushe. Lalle gam ɗin ya zama mai jure ruwa. Farin gam na aikin ɗaki sakewa yake yi da damina. In tsagar ta fi haka faɗi, a fere siririn katako, a shafa masa gam, a cusa. Bayan awa 24 a goge da samfefa, a shafa fenti sau biyu, a kuma ƙosar da bakin katakon da ƙasan ƙafafu, wuraren da masu fenti suka cika mantawa.

Waɗansu sukan liƙe tsaga da siminti, waɗansu su buga mata ƙusa. Siminti ba ya motsi tare da katako, faɗowa yake yi. Ƙusa kuwa ƙara buɗa tsagar take yi.

Amma tsagar da ta ratsa ƙafar kujera, ko ta kai mahaɗa, aikin kafinta ce. A janye kujerar daga inda yara da tsofaffi suke zama har sai ya duba ta.