Kafin ka ɗora wa tsohuwar kwamfutarka laifin nauyin Remote Desktop

Da yawa daga cikinmu 'yan ajin ƙarshe muna aikin furojet ne a kwamfutar da ba ta gabanmu. Wani ya yi hayar saba a intanet, wani kuma daga ɗakinsa yake shiga babbar kwamfutar ɗakin gwaji. Ƙorafin kuma ɗaya ne: ka motsa maus sai ka ƙirga uku kafin ya amsa, ka rubuta layi guda haruffan su zo daga baya a tare. Nan take sai a ce ai kwamfutar ce ta tsufa. Ni dai a waɗanda na taya dubawa, sau da yawa ba ta da laifi.

Dalili kuwa, a Remote Desktop aikin gaske can yake faruwa, a kwamfutar nesa. Taka tana aika abin da ka danna ne kawai, ta karɓo hoton allo ta nuna maka. Saboda haka nauyin zai iya fitowa daga can, ko daga hanya, ko daga wajenka, kuma maganin kowanne daban.

Fara da hanya, don nan ne matsalarmu ta fi yawa. Buɗe Command Prompt ka rubuta ping, ka bar tazara, ka sa adireshin kwamfutar nesa, ka ƙara -t a ƙarshe, ka bar shi minti ɗaya. Lambar da ke gaban time ita ce lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, da ma'aunin ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙasa da 50, aiki lafiya lau. In ta haura 200 za ka ji a jikinka. Amma abin da ya fi ɓata aiki shi ne tsalle-tsalle, yanzu 90 anjima 600, ko ka riƙa ganin Request timed out jefi-jefi. Wannan alamar intanet mai yankewa ce, irin ta hotspot ɗin waya da dare lokacin da kowa ya hau. Yawan datarka ba ya maganin wannan. Matso da wayar bakin taga, ko ka haɗa ta da kwamfutar ta igiyar USB, in kuma akwai igiyar LAN to ta fi komai. Af, wasu sabobin an hana su amsa ping gaba ɗaya, don haka shiru tun daga farko ba ya nufin sun mutu.

In hanya ba ta da ƙarfi, sai a rage mata kaya. Danna maɓallin Windows da R, rubuta mstsc, ka shiga Show Options. A shafin Display rage girman allo. Allon 1920 da 1080 yana da ɗigon hoto sama da miliyan 2, na 1366 da 768 kuwa miliyan 1 ne da 'yan kai, ka ga an kusa raba kayan biyu kenan. Launi ma mayar da shi 16-bit maimakon 32, rubutun lambobin shiri ba ya buƙatar kwalliya. A shafin Experience cire alamar hoton bango da motsin tagogi da sauran ado, amma ka bar Persistent bitmap caching, domin shi ke ajiye guntayen hoto a kwamfutarka don kada a sake aiko su. A Local Resources kashe sauti da firinta in ba ka buƙatar su. Wallahi wannan kaɗai ya isa wasu.

Sai kuma kwamfutarka. Rage tagar Remote Desktop ɗin, danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. In RAM ɗinka 2GB ce ko 4GB ga Chrome a buɗe da shafuka goma, rufe shi. In faifai ya tsaya a kashi 100, galibi Windows Update ne ko antibairos ke aiki a ɓoye a kan tsohon hadis. Ka kuma lura, in an ɗauke wuta kwamfutar ta koma kan batir, Windows kan rage mata ƙarfi don ta daɗe.

Ita kwamfutar nesa, Ctrl, Alt da End ne ke fito da allon da za ka buɗe nata Task Manager. In mutum biyar 'yan rukuninku na kan saba mai ƙaramar RAM a lokaci guda, duk gyaran da za ka yi a naka ɓangaren a banza ne. Ku raba lokaci.

Masu Windows 7, da ku nake yanzu. Tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ta daina ba ta sabuntawar tsaro, kuma a 2019 an gano wata ɓaraka mai suna BlueKeep da ke bari a shiga irin waɗannan kwamfutoci ta Remote Desktop ba tare da kalmar sirri ba. Don Allah kar ka buɗe ƙofar 3389 ta irin wannan kwamfuta ga intanet don kawai ka riƙa shigarta daga gida, musamman in a cikinta furojet ɗinka yake.