Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Matsa wa Ɗan Majalisa a Ƙuri'ar Kuɗin Yaƙi?

Wani mai karatu daga Dungas yana tambaya: lokacin da ake da Majalisar Dokoki a Yamai, me ya sa da wuya depite, wato ɗan majalisa, ya ce a'a idan aka kawo maganar yaƙi da kuɗin soja? Tsoro ne, ko sayen su ake yi?

Malam, madalla da wannan tambaya. Zargin cin hanci ba ya rasa dalili, amma ko depiten da hannunsa yake da tsabta yana shiga matsi ta fuska uku.

Na farko shi ne jinin da aka zubar. A ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta afka wa Bosso da Diffa. Bayan kwana uku majalisa ta amince baki ɗaya a tura sojoji Najeriya, har 'yan adawa suka ɗaga hannu. A irin wannan rana, wanda ya tambayi lissafi sai a ce ba ya kishin ƙasa.

Na biyu jam'iyya ce. A wancan lokacin, depiten Magariya ko na Dungas ba shi kaɗai ake zaɓa ba, sunansa yana cikin jerin 'yan takarar da jam'iyya ta tsara wa jihar Damagaram baki ɗaya. Idan ya saɓa wa shugabanni, a zaɓe na gaba sai a mai da sunansa ƙasa ko a cire shi. Tsarin mulkin 2010, wanda aka yi aiki da shi har 2023, kuma ya ce depiten da ya fice daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa. Dubi Afrilun 2022: Firaminista Uhumudu Mahamadu ya ɗaure batun girke sojojin ƙasashen waje da makomar gwamnatinsa, wato in aka ƙi, gwamnati ta faɗi. Depite 131 suka amince, 31 suka ƙi.

Na uku shi ne gida. Kuɗin tsaro suna cikin kasafin shekara ɗaya da na makaranta da likita. Depiten ya san yadda ɗakin yara na asibitin Magariya ke cika makil da damina, uwaye zaune a gefen gado, zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun haɗu. Yana son a ƙara wa lafiya, amma in ya ƙi kasafin, har kuɗin maganin ya ƙi.

Sai dai a kula, ɗaga hannu rabin aiki ne, sauran rabin shi ne bin sawun kuɗin. Bayan an rasa sojoji 71 a Inates a Disambar 2019 da 89 a Cinagodar a Janairun 2020, binciken ma'aikatar tsaro ya nuna kusan miliyar 76 na sefa sun salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Ashe mai tambayar lissafi sojan yake karewa.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma jama'a na zuba kuɗi a asusun ceton ƙasa da aka kafa a shekarar. Duk ranar da zaɓe ya dawo, in ɗan takara ya zo kasuwar Dungas, ka tambaye shi: idan ka amince da kuɗin soja, ta yaya za ka tabbatar sun isa hannun sojan?