Mota ta daki kwalbati: me za a duba?

A hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ko ta Dandume zuwa Sabuwa, direba kan kauce wa rami sai ƙafar mota ta daki bakin kwalbati. Ya sauko, ya ga taya ba ta sace ba, ya ce lafiya lau, ya ci gaba da fasinjojinsa. Nan kuskuren yake.

Fara da gefen taya. In ya yi ƙulu kamar ƙwai, zaren ciki ya tsinke. Mai faci ba shi da maganin wannan, kuma tayar na iya fashewa ana cikin gudu.

Sai a ɗaga motar da jak, amma kada kowa ya shiga ƙarƙashinta. Ɗauki tayar kamar fuskar agogo. Kama wajen 3 da 9 ka girgiza. In ta yi lako-lako, zargi tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa. In kuwa a 12 da 6 take motsi, boris ne ko bol-joyin.

Idan an hau titi sitiyari ya karkace, ko motar na ja gefe guda, wataƙila wani ƙarfe ya lanƙwashe. Alaimen ba ya miƙar da ƙarfe; sai bakanike ya canza shi tukuna.