Yadda Ake Daidaita Injin Walda Mai Tura Waya

Rashin daidaita inji yakan jawo wa masu walda asarar waya da gas, abin da ke rage ribar aiki. Maɓallai biyu ne ginshiƙi: na ƙarfin wuta da na saurin fitar waya. Idan saurin ya yi yawa, waya takan tunkuɗi ƙarfe tana watsa tartsatsi. Idan ya gaza, sai ta narke ta manne a bakin bututu. Ƙarfe marar kauri yana buƙatar waya mai milimita 0.8 da gas kimanin lita 10 a minti. A fara gwaji a kan guntun ƙarfe, ana juya maɓalli ɗaya kawai, har ƙarar ta daidaita tamkar ta suya a mai.