Amsar Tambaya: Inji na zafi a tsaye, hita kuma ba ɗumi

Tambaya: Ina jigila da Hilux tsakanin Tanout da Belbeji. In na tsaya a tasha inji na aiki, allurar zafi sai ta haura. In na hau hanya ta sauko. Ga hunturu, hita kuma iska mai sanyi take bayarwa.

Amsa: Hita da ruwan inji take ɗumama, saboda haka matsalolin nan biyu tushensu ɗaya: ruwa ba ya zagayawa. Da fanka ce kaɗai ta mutu, da hitarka ta yi zafi sosai.

Da asuba, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto ka leƙa. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, tururi zai ƙona ka. In ruwa ya ragu, cika shi, ka bar inji na aiki iska ta fita, ka duba ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo.

In ruwa cike yake, bar inji ya ɗumama, ka taɓa tiyo biyun da ke haɗe da hita. Sun yi sanyi a tsaye, sun ɗumama da ka taka totur? Famfon ruwa ne, fikafikansa sun cinye. Ruwan rijiya da muke zubawa a Damargu yana kawo tsatsa, shi ke cin su. Sayi ruwan inji na gaskiya.

Amma in ka ga kumfa na tasowa a lagireto ba tsayawa, farin hayaƙi a salansa, ko man inji ya koma kamar madara, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Kada ka ɗauki fasinja zuwa Damagaram ko Agadas a haka, kai ta wurin bakanike tukuna.