Darasi Daga Masallacin Larabanga

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in ba ku labarin wani ɗan ƙaramin masallaci da ke Gana, da yadda aka cece shi bayan ya kusa faɗuwa. Na zaɓi wannan labari ne domin kusan kowannenmu ya fito daga garin da ke da wani tsohon ginin ƙasa, ko masallaci, ko zaure, ko ƙofar gari, wanda damina ke ci kaɗan-kaɗan ba mai kula.

Larabanga ƙauye ne a arewacin Gana, kusa da garin Damongo da gandun dajin Mole. Masallacinsa ba shi da girma, don kuwa tsawonsa da faɗinsa kowanne bai wuce kamar mita 8 ba, amma yana cikin masallatai mafi daɗewa a ƙasar. Mutanen garin suna cewa wani falke mai suna Ayuba ne ya gina shi a shekarar 1421, bayan ya yi mafarki an umarce shi da yin haka. Da laka da itace aka gina shi, aka shafe shi da farar ƙasa. Yana da hasumiya biyu, ɗaya ta wajen gabas inda liman ke tsayawa, ɗaya kuma ta ladan. Sandunan da suka fito daga jikin bangonsa ba ado kaɗai ba ne, su ne matakan magina a lokacin yaɓe.

To, a cikin shekarun 1970 sai aka shafe masallacin da siminti, da nufin a kare shi daga ruwan sama, a kuma huta da yaɓen kowace shekara. Niyya ce mai kyau, amma garin gyaran gira aka kusa rasa ido. Ga dalili. Bangon laka yana shan danshi da damina, sa'an nan ya fitar da shi idan rana ta buɗe. Siminti kuwa ba ya barin danshi ya fita. Da zarar ya tsage ruwa ya shiga, shi ke nan, sai ya zauna a ciki. Daga waje bango sumul, daga ciki kuwa laka ta jiƙe ta yi laushi. Gara ta sami wurin zama, ta dinga cin itatuwan da ke riƙe da ginin. A shekarar 2002 wata guguwa mai ƙarfi ta rushe wani sashe nasa, har da hasumiya.

A shekarar nan ce wata ƙungiya ta Amurka mai kula da tsofaffin gine-gine na duniya ta sa masallacin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Kamfanin American Express ya ba da dala 50,000. Hukumar kula da kayan tarihi ta Gana ta shiga aikin, tare da masana ginin ƙasa na wata cibiya ta Faransa mai suna CRAterre. Amma hannuwan da suka yi aikin na mutanen wurin ne. Maginansu da samarinsu suka ɓamɓare simintin nan kaf, suka sauya ruɓaɓɓun itatuwa, suka sake tayar da abin da ya rushe, suka mayar da yaɓen laka irin na kakanninsu. Watau dai maganin da aka zo da shi daga nesa, shi ne a koma ga sanin da ke gida tun asali.

Ni a ganina akwai darasi uku a nan. Na farko, ba kowane sabon abu ne ya dace da kowane wuri ba. Siminti yana da amfaninsa, amma ba a jikin tsohon bangon laka ba. Kafin zuwansa maginan ƙasar Hausa suna da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, suna yaɓe da ita ruwa ya zame. Suna kuma rufi da azara ta giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba.

Na biyu, ginin ƙasa ba a gama shi rana ɗaya a juya masa baya. Yana son a duba shi kafin kowace damina, a toshe tsaga, a share indararo, a sake yaɓe. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin gayya ne, wani ya kawo ruwa, wani ya kwaɓa ƙasa, wani ya miƙa wa magini.

Na uku, kuɗin baƙi suna ƙarewa, masana kuma suna komawa ƙasashensu. Abin da zai riƙe gini bayan tafiyarsu shi ne magini na gida da yaron da ya koya a hannunsa. Ranar da tsofaffin magina suka ƙare ba magaji, ko an tara dala dubu nawa, ba mai iya aikin.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana, idan mun koma gida hutu, kowa ya nemi tsohon ginin da ke garinsu, ya tambayi dattawa wa ya gina shi da yaushe, ya rubuta. Idan an kira gayyar yaɓe, kada mu ce mu 'yan boko ne, ba ma taɓa laka. Iyayenmu kuma da ke cikin ƙungiyoyin raya gari, don Allah kafin a sayi buhun siminti a fara jin ta bakin Sarkin Magina. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, amin.